Tarihin Kujerun Eames: Ƙaramar Ma'aikata da Kayan da Ta Ƙago

Gabatarwa

Galibi idan aka ambaci tarihi a tsakaninmu ɗalibai, abin da kan faɗo mana a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da kafuwar birane. Amma kayan da muke amfani da su yau da kullum su ma suna da nasu tarihin, kamar kujerar ɗakin lacca da fitilar karatu da cokalin cin abinci. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wanda ya zauna ya yi tunanin surarsa tun kafin inji ya buga shi dubu-dubu. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta a ƙasashen da masana'antu suka bunƙasa, kuma a nan zan riƙa kiran masu yin ta da sunan masu tsara kaya.

Bisa al'ada mai tsara kaya ɗan kwangila ne. Kamfani zai kira shi ya gaya masa abin da yake bukata, shi kuma ya zana, a biya shi ladansa ya kama gabansa, riba ko faɗuwa ba ruwansa. To amma akan sami waɗansu da ba su gamsu da haka ba, sai su ƙago nasu kayan, su gwada su da kuɗin aljihunsu, sa'an nan su fita neman kasuwa. A cikin wannan maƙala zan kawo tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan, watau ma'aikatar Charles Eames da matarsa Ray a ƙasar Amurka, wadda ta yi aiki daga 1941 zuwa 1988. Burinsu shi ne su yi kujera mai kyau da ƙarko wadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne yadda suka mallaki surar kujerar da guminsu, da kuma yadda masana'anta da farashi suka koma hannun waɗansu.

Asalinsu

An haifi Charles Eames a birnin St. Louis cikin 1907. Ya fara karatun zanen gine-gine a jami'a, ya bari bayan shekara biyu, ya buɗe ofishinsa a 1930. A 1938 ya tafi makarantar fasaha ta Cranbrook da ke jihar Michigan, inda daga baya ya zama malami. Ita kuwa Ray Kaiser an haife ta a Sacramento ta jihar Kalifoniya cikin 1912, ta kuma koyi zane a birnin Niyok a hannun wani shahararren malami mai suna Hans Hofmann. Sunanta ya yi kama da na maza, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka Charles da Ray wa ne da ƙane. A Cranbrook suka haɗu cikin 1940.

A wannan shekara ce gidan adana kayan fasahar zamani na Niyok ya shirya gasar tsara kayan ɗaki. Charles da abokinsa Eero Saarinen suka shiga da wata kujera ta katakon nan mai falle-falle da kafintoci ke kira filawud, Ray kuma ta taimaka wajen shirya zane-zanen. Shi filawud siraran fallayen katako ne akan jera, jijiyar wannan ta gitta ta wancan, a haɗa su da gam. Shawararsu ita ce a lanƙwasa shi ya zama ƙoƙo guda, mazauni da majingini a haɗe, daidai da jikin mutum. Suka ci lambar farko.

Sai dai cin gasa daban, buga kaya a masana'anta daban. Idan mai karatu ya ɗauki takarda zai iya naɗe ta kamar tabarma ba tare da wata wahala ba, amma in ya ce zai lulluɓe bayan ƙwarya da ita, dole ta yamutse ko ta yage. Haka fallen katako yake. Lanƙwasa shi ta fuska ɗaya abu ne da aka riga aka sani, domin Alvar Aalto na ƙasar Finland ya yi kujeru ta wannan hanya tun farkon shekarun 1930. Lanƙwasa shi ta fuska biyu a lokaci guda shi ne ya gagara. 'Yan kujerun da aka yi sun ci aikin hannu mai yawa, aka rufe katakon da yadi, kuɗinsu ya fi ƙarfin mutanen da aka yi su dominsu. Darasin da Charles ya ɗauka shi ne sun zana abin da ba su san yadda za a ƙera shi ba.

Injin Cikin Ɗaki

Charles da Ray suka yi aure a watan Yuni na 1941, suka ƙaura zuwa Los Anjalis. Charles ya sami aikin tsara dandalin wasa a kamfanin fim na MGM, da wannan albashi suke ci suke kuma sayen kayan gwaji. A wani ɗaki na gidan da suke haya suka haɗa wani inji da hannunsu, suka sa masa suna Kazam, daga kalmar da masu rufa-ido na can kan faɗa in za su nuna abin mamaki.

Yadda injin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Akwai mazubi na filasta mai siffar abin da ake so, an bi cikinsa da wayar lantarki mai ɗaukar zafi. Sai a shafa wa fallayen katako gam a jera su a jikin mazubin, a ɗora musu fallen roba, a rufe a ɗaure tam. Daga nan sai a kama hura robar da famfon keke, tana kumbura tana danna katakon a jikin mazubin, zafi kuma yana busar da gam. Bayan sa'o'i a buɗe a ga abin da ya fito. Sau da yawa abin da ke fitowa tsagagge ne, sai a sake. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ta wannan gwaji ne suka gane iyakar inda katako zai lanƙwasu da inda zai ƙi.

Wannan mataki shi ne ya bambanta su da sauran masu tsara kaya na zamaninsu. Sun fara da ƙera abin ƙira, sa'an nan suka bar shi ya nuna musu irin surar da za ta yiwu.

Karan Ɗori na Sojoji

A watan Disamba na 1941 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, maganar kujera ta tsaya. Wani likita abokinsu, Dokta Wendell Scott, ya ga gwaje-gwajensu, ya ba su labarin wata matsala da ke damun likitocin soja. Karan ɗorin da ake ɗaure wa sojan da ya karye a ƙafa na ƙarfe ne, in an ɗauko majinyaci ƙarfen yana girgiza, girgizar tana ƙara masa rauni. Charles da Ray suka ɗauki siffar ƙafar Charles ɗin kansa, suka yi karan ɗori na filawud, marar nauyi, wanda ƙafa ke kwanciya a cikinsa. Sun yanke waɗansu ramuka a jikinsa don kada katakon ya tsage a wurin lanƙwasa, sai ramukan suka zama wurin zura bandeji.

A 1942 rundunar sojojin ruwan Amurka ta ba su odar guda 5,000. Charles ya bar MGM, suka haɗu da 'yan abokai suka kafa kamfani mai suna Plyformed Wood Company. Wannan shi ne karo na farko da suka zama masu tsarawa kuma masu ƙerawa da kansu.

Ba a daɗe ba suka ga wuyar abin. Kamfanin da ya karɓi oda sai ya sayi katako da gam, ya biya ma'aikata da haya, tun kafin mai oda ya biya shi, kuɗin gwamnati kuwa ba su fitowa da wuri. Da ruwan ciki akan ja na rijiya, su kuma ba su da jarin da za su jira da shi. Saboda haka a 1943 kamfanin nasu ya shige ƙarƙashin wani babban kamfani na Detroit mai suna Evans Products, ya zama sashensa na lanƙwasa filawud, Charles yana shugabantar bincike. A shekarar ne suka tare a wani tsohon gareji mai lamba 901 a titin Washington, unguwar Venice, inda ma'aikatar ta zauna har ƙarshenta. Kafin yaƙi ya ƙare an yi karan ɗori wajen 150,000, ban da sassan jiragen sama da suka gwada yi. Ribar da suka ci a wannan aiki ta wuce kuɗi, domin sun sami sababbin nau'o'in gam da sai aikin soja ke samu, sun kuma koyi yadda ake buga abu guda sau dubbai ba tare da ya sauya ba.

Komawa Kan Kujera

Da yaƙi ya ƙare a 1945 suka koma kan burinsu na farko. Sun fara da kayan yara, ƙananan kujeru da tebura, aka buga kimanin 5,000. Kayan ba su sami kasuwa ba, domin Evans kamfanin kayan masana'antu ne, ba shi da dillalai a cikin masu sayar da kayan ɗaki. Wata giwa ta filawud da suka yi don yara su hau ko shiga masana'anta ba ta yi ba a lokacin, saboda wuyar lanƙwasa kanta.

Game da kujerar manya kuwa, bayan shekara biyar suna fama sai suka haƙura da maganar ƙoƙo guda. Suka raba mazauni daban, majingini daban, kowanne da ɗan lanƙwasan da katako zai iya ɗauka. Suka haɗa su da ƙafafu ta hanyar waɗansu 'yan fayafayan roba da aka manna a jikin katakon, don kujerar ta riƙa ɗan motsawa tare da mai zama. Wani amfanin rabawar shi ne in ɓangare ɗaya ya lalace wajen bugu, shi kaɗai za a yar. Wannan ita ce kujerar da aka sani da LCW, tare da 'yan'uwanta masu ƙafafun ƙarfe.

A watan Maris na 1946 gidan adana kayan fasahar nan na Niyok ya baje kolin kujerun. George Nelson, shugaban sashen tsara kaya na kamfanin Herman Miller da ke Michigan, ya riga ya gan su, ya jawo hankalin mai kamfanin, D. J. De Pree. Herman Miller ya karɓi sayar da kujerun, sa'an nan a 1949 ya karɓi ƙera su gaba ɗaya. Daga nan tsarin aikin ya zauna: ma'aikatar Eames ta ƙago abu, ta gwada shi, ta yi samfurinsa har da na'urorin ƙera shi, kamfani ya buga ya sayar, su kuma a ba su wani kaso a kan abin da aka sayar. A 1957 kamfanin Vitra na ƙasar Suwizalan ya sami izinin ƙera kayan don kasuwar Turai.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba a nan. Bajekolin 1946 da sunan Charles kaɗai aka yi shi, ba a ambaci Ray ba, alhali da idonta da hannunta aka daidaita surar kujerun. Haka kuma Harry Bertoia, wani gwanin ƙira da ya yi aiki a kansu, ya bar ma'aikatar yana ganin ba a yaba gudummawarsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kasuwa suna ɗaya take so ta riƙe, sauran kuwa sai abin ya zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai a shekarun baya masu rubuta tarihi suka mayar wa Ray matsayinta.

Kujerar Roba

A 1948 aka sake shirya wata gasa, wannan karo ta kayan ɗaki masu araha, domin sojoji sun dawo gida, ana ta aure, ana bukatar kaya masu sauƙin kuɗi. Charles da Ray suka dawo da maganar ƙoƙo guda, amma na ƙarfe, wanda za a buga kamar yadda ake buga jikin mota. Suka sami lamba ta biyu. Da aka yi lissafi sai aka ga injunan buga ƙarfen sun yi tsada ƙwarai. Sai suka nufi wani kamfani a Kalifoniya mai suna Zenith Plastics, wanda lokacin yaƙi yake yi wa jiragen sama kaya da roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi. Wannan roba ba ta da jijiya irin ta katako, duk siffar da aka ba ta za ta ɗauka.

A 1950 kujerar ta shiga kasuwa, tana cikin kujerun roba na farko da aka buga da yawa a duniya. Ƙoƙon iri ɗaya ne, amma ana iya ɗora shi a kan ƙafafu iri-iri, na ƙarfe ko na katako ko masu lilo. Daga baya aka yi wadda ake jerawa ɗaya kan ɗaya. Ta shiga makarantu da ofisoshi da ɗakunan taro da gidajen abinci a duk faɗin Amurka. A ganina wannan shi ne lokacin da suka fi kusantar burinsu, shekara goma cif bayan gasar farko.

Bayan haka aikin ma'aikatar ya faɗaɗa. Sun yi kayan wasan yara, sun yi kujerun jira na filayen jirgin sama na Washington da Chicago a 1962, sun shirya wa kamfanin IBM fina-finai da nune-nune. A 1956 kuma suka fito da wata babbar kujerar hutawa ta katako mai tsada da fata, wadda tun farko ba a yi ta don mai ƙaramin ƙarfi ba.

Darasin Indiya

Gwamnatin Indiya ta gayyace su su duba halin da ƙananan masana'antun ƙasar ke ciki, su ba da shawara. Suka zaga ƙasar, suka rubuta rahoto, wanda a kansa aka kafa cibiyar koyar da tsara kaya ta ƙasa a birnin Ahmedabad cikin 1961. Abin da ya fi burge su a duk abin da suka gani shi ne lota, wata 'yar tukunyar ruwa ta tagulla da ake samu a kowane gida, wadda aikinta ya yi kusa da na butarmu. Sun lura da girmanta da yadda take zama a hannu da yadda ruwa ke zuba daga bakinta, suka nuna cewa ba mutum ɗaya ne ya tsara ta ba, maƙera da masu amfani ne suka yi ta gyara ta zuriya bayan zuriya.

Na kawo wannan ne domin ya shafi maganarmu. Lota ta isa hannun kowa saboda ba ta da mai ita, duk maƙerin da ya iya zai ƙera, farashi kuma ya sauka. Kujerar Eames kuwa tana da mai ita, kuma abin da ya biyo baya ya nuna bambancin.

Inda Aka Kwana

Charles ya rasu ran 21 ga Agusta 1978. Ray ta ƙarasa ayyukan da suka rage, ta tattara takardunsu da hotunansu don babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, ita ma ta rasu ran 21 ga Agusta 1988, shekara goma daidai bayan mijinta. Daga nan aka rufe ma'aikatar da ke lamba 901. A 1999 mujallar Time ta zaɓi LCW a matsayin abin da ya fi kowane kyawun tsari a ƙarni na 20.

Har yanzu ana ƙera kujerun da sunan Herman Miller da Vitra. Sai dai kujerar filawud da aka yi don ma'aikaci mai ƙaramin albashi yanzu kuɗinta ya haura dala 1,000, babbar ta hutawa kuwa sai an ajiye dala dubbai. Galibi a gidajen masu hali da manyan ofisoshi da gidajen adana kayan tarihi ake ganinsu. A fahimtata dalilin haka biyu ne. Na farko, izinin ƙera su da sunan yana hannun kamfanoni biyu kawai. Na biyu, sunan Eames ya zama abin ado, mai saye yana biyan kuɗin suna tare da kuɗin katako.

Kujerar da ta cika wancan buri na araha ta fito ne ta wata hanya dabam. Ita ce farar kujerar robar nan da muke haya a wurin biki da suna da taro. Ɗaya daga cikin na farkonta wani Bafaranshe ne mai suna Henry Massonnet ya fito da ita a 1972. Ana zuba narkakkiyar roba a mazubi sau ɗaya, kujera ta fito ɗungurungum da ƙafafunta. Masana'antu barkatai ke buga ta, har da na ƙasarmu, kuma da wuya a sami mai zama a kanta da ya san sunan wanda ya tsara ta. Ba ta kai ta Eames ƙarko ko daɗin zama ba, amma ita ce ta shiga kowane lungu.

Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa sau ɗaya kawai Charles da Ray suka riƙe masana'anta da kansu, watau daga 1942 zuwa 1943, rashin jari kuma ya sa suka sake ta. Ban ga laifinsu a kan haka ba. Da sun nace sai sun ƙera sun kuma sayar da kansu, mai yiwuwa da kamfanin ya durƙushe tun a kan karan ɗori, da kuma ba a sami kujerun ba sam. Sakin da suka yi shi ya ba su sukunin yin kusan shekara 40 suna gwaji, abin da ƙaramar ma'aikata ba ta cika samu ba. Amma kowane zaɓi da abin da yake ci. Wanda ya riƙe inji da dillalai shi ke yanke farashi, shi kuma farashi shi ke yanke wanda zai zauna a kan kujerar.

Saboda haka duk wanda ya ƙago wani abu yana so ya kai shi kasuwa, tambayoyin da suka fuskanta shi ma za su fuskance shi. Ya san yadda za a ƙera abin da ya zana, ko a takarda kawai ya tsaya? Yana da abin da zai riƙe kansa kafin kuɗin ciniki su shigo? In kuwa dole ta sa ya miƙa wa mai jari, ya kamata ya sani tun kafin ya sa hannu a takarda wane ɓangare na aikinsa zai rage a hannunsa, wane ne kuma ya tafi ke nan. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa game da tarihin wannan ma'aikata.